Muryar Jon Bon Jovi a kan dandamali: dama can bai iya ba, ko wani abu ne ya same shi?

"Assalamu alaikum Malam. Tun ina ƙarami nake jin waƙoƙin Bon Jovi a kaset ɗin yayana, har yau kuma idan aka saka su sai tsigar jikina ta tashi. Kwanan baya wani abokina ya turo min bidiyon wasan da suka yi a 2022, wallahi har kunya ta kama ni a madadin mutumin. Murya ba ta kai inda ake so, sai miƙa wa 'yan kallo makirufo yake yi. Abokin nawa ya ce ai dama can bai iya waƙa ba, na'ura ce take gyara shi, kuma duk mawaƙan rok haka suke. Don Allah gaskiya ne? Sannan ta yaya mutum zai gane mawaƙin da ya iya waƙa kai tsaye da wanda bai iya ba?"

Wa alaikumus salamu, ɗan'uwa. Idan na fahimce ka, abu biyu kake nema. Kana so ka san ko muryar da ka girma kana ji a kaset ta mutumin ce da gaske ko aikin na'ura ce, sannan kana son ma'aunin da za ka riƙe don auna kowane mawaƙi idan ya hau dandamali. Zan fi daɗewa a kan na farkon, domin idan ya warware, na biyun ba zai ba ka wahala ba.

Abokinka bai yi ƙarya a kan bidiyon ba. Wasannin da Bon Jovi, ƙungiyar da Jon yake jagoranta, suka yi a watan Afrilun 2022 ba su yi kyau ba, kuma shi kansa Jon daga baya ya fito ya yi bayanin abin da ke damunsa. Inda abokin naka ya saki hanya shi ne cewar da ya yi dama can mutumin bai iya ba. Ba haka ba ne, kuma akwai shaidun da kunnenka zai iya tantancewa da kansa. Ni aikina haɗa sauti ne. Na yi shekaru ina zaune a bayan miksa, a sutudiyo da wuraren taro, ina sauraron muryoyin mutane lokacin da suke kan ganiyarsu da lokacin da suka galabaita. Ni ba likitan maƙogwaro ba ne, kuma ban taɓa tsayawa a filin da mutumin nan yake waƙa ba. Da faifai da bidiyo nake hukunci kamar kai, sai dai kunnen nawa ya sha wannan aikin.

Abin da sutudiyo ke iya yi wa mawaƙi

An haifi Jon Bon Jovi ranar 2 ga Maris, 1962, a jihar New Jersey ta Amurka. Kundin da ya ɗaga ƙungiyarsu, Slippery When Wet, ya fito a watan Agustan 1986, kuma a birnin Vancouver na Kanada aka ɗauke shi, ƙarƙashin furodusa Bruce Fairbairn. Yana da shekara 24 ke nan. Ka riƙe wannan shekarar da kyau, domin Auto-Tune, manhajar nan da ke jawo muryar da ta zame ta mayar da ita kan layi, sai a 1997 ta shiga kasuwa. Shekara 11 ne tsakani. Na'urar da abokinka yake nufi ba a ma ƙirƙiro ta ba lokacin da aka ɗauki waƙoƙin da ke cikin kaset ɗin yayanka.

Ba ina cewa sutudiyon wancan zamanin ba ya yi wa mawaƙi kwalliya ba. Yana yi sosai. A kan tef ake ɗauka, mawaƙi ya rera baiti ɗaya sau biyar ko sau goma, injiniya ya tsinto layin da ya fi kyau daga nan, kalmar da ta fi fita daga can, ya ɗinke su har su zama kamar da numfashi ɗaya aka yi su. Ana sa mawaƙi ya sake rera layi a kan na farko don murya ta yi kauri. A jera amshi hawa-hawa, a zuba amsa-kuwwa. Idan murya ta gaji a tashi sai gobe. Mu ma haka muke yi har yau, da kwamfuta ma abin ya fi sauƙi. Amma cikakkiyar murya mai ƙarfi da ta hau sama daga ƙirji, idan babu ita a maƙoshin mutum, tef ba zai haifar da ita ba. Abin da sutudiyo ya ba shi shi ne damar yin abin daidai sau ɗaya tak. Dandamali kuwa yana neman ya maimaita shi yau, gobe, jibi, a garin da bai kwana da kyau ba, bayan ya yi awa biyu yana guje-guje.

Don ka ga nauyin abin, bari in ɗan shiga cikin maƙogwaro. Akwai wasu 'yan tsokoki biyu a ciki, kwance kusa da juna kamar leɓɓa, tsawonsu a namiji baligi wajen santimita 2 ne. Su ake kira igiyoyin murya. Iska daga huhu tana bi ta tsakaninsu, su kuma su riƙa haɗuwa suna rabuwa da sauri, wannan karkarwar ce sauti. Idan namiji yana hira, sukan haɗu wajen sau 100 zuwa 120 a daƙiƙa ɗaya. Idan ya fara hawa a waƙa, igiyoyin su miƙe su yi siriri, bugun ya ƙaru. A tsakanin bugu 330 zuwa 390 ko kusa da haka, muryar mafi yawan maza masu hawa sama takan so ta juye daga ta ƙirji zuwa siririyar nan ta kai. Wurin nan kamar gada ce mai ƙunci, kuma a nan ne mawaƙa ke shan wuya.

To waƙarsu da ta fi kowace shahara, Livin' on a Prayer, amshinta yana kai wa bugu 523, nesa can bayan gadar. Sannan daf da ƙarshe sai a ɗaga waƙar gaba ɗaya da rabin mataki uku (rabin mataki shi ne tazara mafi ƙanƙanta tsakanin sauti biyu a kan jita), ƙololuwar ta koma bugu 622. Naman nan biyu suna marin juna sau 622 a daƙiƙa guda, kuma ba da siririyar murya ba, da murya cikakkiya ta ihu. Shi da Richie Sambora, makaɗin jitar ƙungiyar, da marubucin waƙa Desmond Child ne suka rubuta ta, kuma sun ɗora ta ne a kan iyakar abin da muryar saurayi ɗan shekara 24 za ta iya. Ta kai lamba ɗaya a Amurka a farkon 1987, daga nan ta zama dole a kowane wasa, galibi ma a ƙarshe ake ajiye ta, lokacin da murya ta riga ta gaji. Bashi ne ya ɗaukar wa maƙoshinsa, wanda ya yi ta biya shekara da shekaru.

Rangadin da ya ci muryar

Bayan fitar kundin, ƙungiyar ta yi wasanni sama da 200 tsakanin 1986 da 1987. Ba su wani huta ba suka fitar da kundin New Jersey a 1988, suka sake shiga rangadin da shi ma ya haura wasa 200, har da wasan Mosko na watan Agustan 1989, ba su sauka ba sai farkon 1990. Tun a rangadin farko muryar ta fara ba shi matsala, kuma ya faɗa da bakinsa cewa da maganin sitiroid aka riƙa tallafa masa don ya iya hawa dandamali.

Wannan maganin yana da abin da ya kamata duk mai sana'ar murya ya sani. Idan igiyoyin murya sun sha bugu sukan kumbura, kumburin ya hana su haɗuwa sosai, murya ta dushe, saman ya ɓace. Jiki ne yake cewa a huta, jiki magayi. Sitiroid yana sauke kumburin cikin sa'o'i, mawaƙi ya ji kamar ya warke, ya fita ya sake dukan naman da bai warke ba. Ga dare ɗaya mai muhimmanci, a hannun likita, abu ne da ake yi. Idan ya zama na yau da gobe, to an kashe ƙararrawar gargaɗi ne kawai, wutar tana nan tana ci.

Duk da haka muryar ta farfaɗo, ya nemi mai koyar da murya ya gyara yadda yake rerawa. Ga shaidu biyu da nake so ka nema. A watan Satumban 1989, a bikin kyaututtukan tashar talabijin ta waƙoƙi MTV, shi da Sambora sun zauna su biyu da jita biyu marasa lantarki, babu ganguna, babu inda za a fake, suka yi waƙa biyu. Wanda bai iya waƙa ba ba ya yarda a tsirara shi haka a gaban duniya. Sai kuma wasannin filin Wembley na Landan a watan Yunin 1995, dare uku a jere. A wurina nan ne ya fi kowane lokaci. Saman muryar ya ɗan ragu idan aka kwatanta da 1986, amma ta yi kauri, ta sami gishiri, kuma ya san inda zai matsa da inda zai sassauta. Yana da shekara 33 a lokacin, yana riƙe dogon layi har ƙarshensa ba tare da ya faɗi ba.

Abin da mawaƙi ke ji a sama ba shi kake ji a ƙasa ba

Nan ne ɓangarena, kuma nan ne 'yan kallo suka fi zaluntar mawaƙa ba da saninsu ba. Mutum da kunnensa yake waƙa. Yana fitar da sauti, ya ji shi, ya gyara cikin ƙiftawar ido. Idan bai ji kansa ba, ko shi wane ne zai zame. Manyan lasifikokin da ke fuskantar jama'a sun juya masa baya. Shi yana dogara ne da ƙananan lasifikoki da ke gaban ƙafarsa, waɗanda muke kira monita, ko kuma 'yan abin kunnen nan da suka yaɗu tun daga shekarun 1990. A bayansa akwai ganguna, a gefensa jita mai ƙara, a gabansa dubban mutane suna ihu, ƙarar wurin ta haura desibel 100 a ma'aunin ƙarfin sauti. Sauti yana tafiyar wajen mita 343 a daƙiƙa. Idan bangon ƙarshen filin yana da nisan mita 100, muryarsa za ta je ta dawo masa bayan fiye da rabin daƙiƙa, ta cakuɗe da abin da yake rerawa yanzu.

Na taɓa riƙe sauti a wani taron dare a buɗaɗɗen fili. Mawaƙin na san shi, na ɗauke shi a sutudiyo, yaro ne mai kunne, ba ya zamewa. Ana cikin waƙa ta uku monitarsa ta ɗauke, wayar ce ta tsinke a ƙarƙashin dandamali. Kafin in gano matsalar ya fara ɗaga murya yana neman kansa, kuma haka ɗan Adam yake, idan ƙara ta yi yawa yakan ƙara ƙarfi ba tare da ya sani ba. Da ya matsa sai maƙoshi ya ɗaure, sautin ya riƙa sauka ƙasa da inda ya kamata. Minti goma ya yi a haka. Washegari ko gaisuwa da ƙyar yake yi. Mutanen da suka ɗauke shi da waya a wannan minti goman sun tafi gida da shaidar cewa bai iya waƙa ba, alhali laifin na wayarmu ne. Har yau abin yana damuna, kuma tun daga ranar ba na barin mawaƙi ya hau sai na ajiye masa monita ta biyu.

Kunnen ma yana lalacewa. A 2016 likitoci suka gargaɗi Brian Johnson na ƙungiyar AC/DC cewa idan ya ci gaba da rangadi zai iya kurmancewa gaba ɗaya, dole ya sauka a tsakiyar tafiya, wani mawaƙin, Axl Rose, ya ƙarasa wasannin. Muryarsa tana nan, kunnen ne ya gaza.

Sai bushewa. Igiyoyin murya suna son laima. Duk wanda ya taɓa aiki da mawaƙi a cikin hunturu ya san yadda murya ke yin ƙaiƙayi, saman ya ƙi fita sai an sha ruwa an jira. Mawaƙin da ke rangadi a cikin irin wannan hunturun yake rayuwa duk shekara: iskar jirgin sama, na'urar sanyaya ɗakin otal, hayaƙin da ake busawa a dandamali don fitilu su fito. Ga cin abinci da tsakar dare bayan wasa a kwanta a kai, ƙwannafi ya hau ya ƙona maƙogwaro. Ga hira da 'yan jarida da rana, wadda ita ma aiki ce ga murya.

'Yan amshi, da sauke waƙa ƙasa

Akwai abin da mu Hausawa muka sani tun daga makaɗan fada da na noma. Jagoran waƙa ba shi kaɗai yake ɗaukar kaya ba. Idan ya jefa baiti, 'yan amshi su karɓa, shi kuma ya ja numfashi ya shirya na gaba. A Bon Jovi, Richie Sambora ba makaɗin jita ba ne kawai. Mawaƙi ne na gaske, mai murya mai ƙarfi a sama, kuma shekara 30 yana tsaye a gefen Jon yana riƙe masa saman amshi. Idan ka saurari wasanninsu na da da kyau za ka ji sau da yawa muryar Sambora ce take cika wurin da ka ɗauka ta Jon ce kaɗai. A watan Afrilun 2013, ana tsakiyar rangadi, Sambora ya bar ƙungiyar. Phil X da ya maye gurbinsa gwani ne kuma yana amshi, amma haɗuwar muryoyin nan biyu da suka saba da juna ta tafi, kuma ta tafi ne daidai lokacin da Jon ya haura 50, lokacin da ya fi bukatarta.

Wannan ba aibi ba ne, haka manya suke yi. Freddie Mercury na ƙungiyar Queen, wanda kusan kowa ya yarda da shi, sau da yawa a dandamali yakan sauya layin da ya hau sama sosai a faifai ya bi ta ƙasa, makaɗin gangunansu Roger Taylor ya ɗauki saman. Wasansa na taron tara agaji na Live Aid a Wembley ranar 13 ga Yuli, 1985, wanda ake ta buga misali da shi, wajen minti 20 ne kacal. Ya cancanci duk yabon da ake yi masa, amma ba adalci ba ne a ɗauki minti 20 a auna wanda yake yin fiye da awa biyu dare bayan dare.

Haka nan sauke waƙa ƙasa. Bon Jovi sun daɗe suna sassauta jitocinsu da rabin mataki a dandamali don a rage wa murya nauyi. 'Yan ƙungiyar Led Zeppelin da suka sake haɗuwa a zauren O2 na Landan ranar 10 ga Disamba, 2007, sun sauke wasu waƙoƙin don su dace da muryar mawaƙinsu Robert Plant mai shekara 59, kuma wasan ya yi kyau ƙwarai. Ni kam idan mawaƙi ya tambaye ni, kullum shawarata ita ce a sauke. Cikin mutum ɗari a fili, 'yan kaɗan ne za su gane an sauke waƙa, amma duka ɗarin za su gane idan murya ta karye.

Abin da ya faru a 2022

Abin da ya tayar min da hankali a bidiyoyin rangadin nan ba rashin kai wa sama ba ne. Mutum ɗan shekara 60 da bai kai bugu 622 ba, ba labari ba ne. Abin da na ji shi ne ko a baitocin ƙasa, inda ya kamata a ce yana hutawa, sautin ba ya zama wuri ɗaya. Yana shiga layi a ƙasa da inda ya dace, ya yi ta laluben hawa. Layukan sun gajarce, numfashi yana ƙarewa kafin kalma ta ƙare, kuma ana jin iska tana zuba tare da muryar kamar tayar da ta sami ƙusa. Gajiyar dare ɗaya ba ta yin haka, rashin monita ma ba ya yin haka a garuruwa daban-daban. Ruwa ba ya tsami banza.

Daga baya bayani ya fito. Ɗaya daga cikin igiyoyin muryarsa ce ta shanye ta rame. Shi da kansa ya kwatanta su da cewa ɗaya kamar kaurin babban yatsa, ɗayar kamar ƙaramin yatsa. Wannan daban yake da kantar da ke fitowa a kan igiyoyi saboda yawan ihu, wadda sau da yawa hutu da horo ke magance ta. Idan ɗaya ta rame, ba sa haɗuwa a tsakiya, sai rata ta kasance, iska ta riƙa tserewa. Mawaƙi ya ƙara matsawa da tsokokin wuya don ya rufe ratar, matsawar kuma ta ƙara ɓata sautin. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Duk abin da na ji a bidiyon ya dace da wannan bayanin. A watan Yunin 2022 Dokta Robert Sataloff ya yi masa tiyata a Philadelphia, irin wadda ake saka wani ɗan abu a gefen maƙogwaro ya tura ramammiyar igiyar zuwa tsakiya don ta sadu da 'yar'uwarta. Bayan irin wannan aikin sai mutum ya sake koyon sarrafa muryarsa, kuma abin yana ɗaukar lokaci mai tsawo. An nuna wannan gwagwarmayar a shirin tarihin ƙungiyar mai kashi huɗu da ya fito a watan Afrilun 2024.

Ba shi kaɗai ba ne a sa'o'insa. Steven Tyler na ƙungiyar Aerosmith ya sami karaya a maƙogwaro a wani wasa a watan Satumban 2023, kuma a watan Agustan 2024 ƙungiyar ta sanar da daina rangadi saboda muryar ba ta dawo yadda ake so ba.

Idan ka tambaye ni ko ya kamata Jon ya fita rangadin 2022, zan ce a'a. Mutane sun biya kuɗi mai yawa, wasu sun yi tafiya mai nisa, kuma abin da aka ba su bai kai ba. Wannan hakki ne, kuma son da nake yi wa waƙoƙinsa ba zai sa in ɓoye shi ba. Amma akwai abin da nake girmama shi a kai. Da ya so, da an saka tsohuwar muryarsa daga kwamfuta yana motsa baki, kuma da bidiyon da abokinka ya turo maka bai wanzu ba. Kayan yin haka suna nan a kowane babban dandamali. Mu nan mun san abin sarai, sau nawa ka je biki aka saka faifan mawaƙi, shi kuma ya riƙe makirufo yana mamin, yana jefa gaisuwa a tsakani? Munin bidiyon 2022 shi kansa shaida ne cewa makirufon mutumin a buɗe yake, kuma muryar da ke fita tasa ce a yadda take a ranar.

Yadda za ka saurara

Kada ka yanke hukunci da bidiyon waya guda ɗaya na daƙiƙa 40. Makirufon waya ƙarami ne, ƙara tana toshe shi, kuma yakan ɗauko muryar na kusa da mai wayar yana rerawa a karkace, ka ɗauka mawaƙin ne. Sannan wanda ya yanko bidiyon mafi munin wuri ya zaɓa. Amma kada kuma ka miƙa wuya ga faifan wasa da kamfani ya fitar, domin sau da yawa ana komawa sutudiyo a gyara muryar kafin a sayar. Abin da na fi yarda da shi shi ne cikakken wasan da aka watsa kai tsaye a rediyo ko talabijin, ko kuma ɗaukar mutane daban-daban na dare ɗaya, a kwatanta su.

Idan ka samu, ka bar ƙololuwar tukuna, ka saurari baitin ƙasa mai sanyi, inda kiɗa ya lafa. A nan ake gane mai kunne. Ka lura da yadda yake shiga sauti, ko yana sauka a kansa kai tsaye ko sai ya lallaɓo daga ƙasa. Ka lura da ƙarshen layi, ko yana riƙe shi har ya ajiye shi da kansa ko layin ne yake kuɓuce masa. Ka kwatanta waƙa ta biyu da ta goma sha biyar, domin mai dabara muryarsa takan ƙara buɗewa idan ta yi zafi, mai dogaro da ƙarfi kawai kuwa tasa tun a tsakiya take fara dushewa. Maganar da yake yi tsakanin waƙoƙi ma tana tona asiri. Idan yana magana a dushe sannan waƙa ta fito tas kamar faifai, to akwai abin da ake saka masa. Haka idan ya janye makirufo daga bakinsa ko yana tsalle amma ƙarfin muryar bai sauya ba ko kaɗan. Miƙa wa jama'a makirufo kuwa ba laifi ba ne a karan kansa, dabara ce ta raya fili. Abin dubawa shi ne ko ya yi layin da kansa a amshin farko sannan ya ba su na biyu, ko kuwa duk lokacin da wurin nan mai wuya ya zo sai ya miƙa.

Game da Jon bayan tiyata, kundin Forever da suka fitar a watan Yunin 2024 ya nuna muryar ta sami sauƙi, amma aikin sutudiyo ne, don haka ba zai raba gardamarka da abokinka ba. Shi da kansa ya ce ma'auninsa shi ne ya iya yin awa biyu da rabi a dare, sau huɗu a mako, na tsawon watanni, kuma da wannan ma'aunin ni ma zan auna duk wasan da ya yi bayan aikin. Kafin nan, ka zaunar da abokin naka ku kalli na 1989, ku bi da na 1995, sannan ku koma kan na 2022, da abin kunne mai kyau, kowanne daga farko har ƙarshe.